Kajin Inna da Ragowar Iri

Duk wanda ya leƙo gidanmu a waccan daminar sai da ya faɗi abin da ke kashe kajin Inna, kuma ba wanda ya dace. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke gidan bayanmu, ta ce dabbar mamaci ba ta zama, bin mai ita take yi. Mai maganin dabbobi na kasuwar Yako ya ce fakat ne, ciwon nan da ke share kajin unguwa, bai ma bari na gama bayani ba. Wata maƙwabciya ta ce baki ne, an cika yaba ƙibarsu a zaman makoki. Ni kuma na ce sanyin damina ne, na faɗa da ƙarfi, don a lokacin gani nake tunda na gama sakandare ba mai ja da ni.

Inna ta rasu ana gab da karyar masara. Yayyena mata suna gidajensu, ɗaya a Tudun Wada, ɗaya a Doguwa, bayan addu'ar arba'in kowa ta kama hanya. Gida ya rage daga ni sai Baba, sai kaji takwas da zakara ɗaya. A cikinsu akwai durgu, wata baƙa mai gajerun ƙafafu, wadda Inna ke cewa da kakar kakar kazar ta zo gidan nan ranar da ta tare. Ban taɓa damuwa da kaji ba. Kashi suke yi mini a tsakar gida bayan na gama shara. Amma da na ga su kaɗai ne ke nan yadda Inna ta bar su, sai na kama kaina ina ƙirga su kullum kafin na rufe akurki.

Ni da Baba ba ma faɗa, ba ma kuma hira. Ashe duk maganar da muke yi a da ta bakin Inna take bi. Ya dawo gona da azahar, in ce, “Sannu da zuwa, Baba,” ya ce, “Yauwa.” In ajiye masa kwano da buta, in ja mayafi in tafi gidan da nake koyon ɗinki, sai bayan la'asar.

Da damina ta zagayo, zakaran ne ya fara. Da safe na same shi ya saki fukafukai, yana tangaɗi, miyau na zuba daga bakinsa. Na ɗauke shi na fita neman namijin da zai yanka, tunda ni ba na yanka. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, duk mazan unguwa suna gona. Na bi layinmu har bakin masallaci, ba kowa sai awaki. A hannuna ya mutu, ina tsaye a tsakiyar hanya. Na kai shi juji na jefar, na dawo na wanke hannu.

Kwana biyu, wata ja ta bi shi. Nan magani ya fara zuwa. Gwaggo ta daka barkono da tafarnuwa ta zuba a kaskon ruwansu. Maƙwabciya ta aiko da sassaƙen maɗaci. Na hau babur zuwa kasuwa, mai magani ya ba ni kafso ja da rawaya ya ce in farke a ruwa. Na zuba duka a kasko ɗaya don ba ni da haƙurin gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ya koma wani iri, kajin suka ƙi sha, suka koma shan na kwata. Na duba a waya, sai da na tsaya kan turmi kafin sabis ya kama. Cututtuka suka fito reras, kowacce da alamar da ta yi kama da tamu. Na kashe wayar.

Sai aka yi kwana shida ba mutuwa. Gwaggo ta ce, “Kin gani ko? Barkonon da kike rainawa.”

Na ce, “Gwaggo, ba ke kika ce bin Inna suke ba? Barkono na tare hanyar lahira ne?”

Ta ce, “Bakinki ne zai hana ki miji, ba kaji ba.”

A kwana shidan nan ba a yi ruwa ba. Shukar Baba ta fito da giɓi, yana jiran sama ya je ya cike gurbin. Ruwa ya sauka ran Talata, ran Laraba ya ɗauki sungumi, ran Alhamis na tashi da kaji biyu a ƙasa. Ɗaya uwar 'yan tsaki ce, 'ya'yanta biyar suna hawa kanta suna tsammanin kwanciya ta yi. Na ɗura mata manja da cokali, ya dawo ta hanci. Ita ma a hannuna.

Ranar ban je ɗinki ba. Na zauna a bakin ɗakin Inna ina jin haushin kowa, har da kajin. Cikin haushin ne na fara lura. In fakat ne, me ya hana kajin Gwaggo mutuwa, alhali tare suke tono a bayan gida? In sanyi ne, ai 'yan tsaki zai fara ɗauka, ga su nan garau. Manya ne ke mutuwa, kuma masu haɗamar cikinsu, waɗanda ke ture saura in an watsa tsaba. Durgu kuwa kwanci take a lungun akurki, ba ta tashi daga kan ƙwai sai na ɗan lokaci da hantsi. Kuma ba a mutuwa sai an yi ruwa. Na juya wannan na juya, ban ga inda ya dosa ba.

Haka aka ci gaba har ya rage saura durgu da wata wake-wake, mai ɗigon baƙi da fari. Da wake-waken ta faɗi, ban fita neman mai yanka ba. Na jira ta gama, na ɗauki reza na zagaya bayan rumbu.

Gwaggo ta leƙo ta kan katanga. “Innalillahi! Ke, mushe kike feɗewa?”

“Ba ci zan yi ba.”

“To me kike nema a ciki? Takardar sakamako?”

“Abin da ku duka kuka kasa faɗa mini.”

“Allah ya shirye ki. Kar ki taɓa mini tulu da hannun nan.”

Na tsaga jakar nan ta wuya inda tsaba ke taruwa. Wari ya bugo ni. Ciki akwai ciyawa, akwai ƙananan tsakuwa, sai ƙwayoyin masara sun kumbura, kowacce da wani ja-ja a jikinta kamar an shafa mata jan baki. Masarar da ke rumbunmu fara ce tas.

Na san inda na ga jan nan. A zaure yake, cikin leda, jingine da bango kusa da sungumi. Kullum sai na ɗaga ledar na share ƙarƙashinta na mayar.

Duk shekara Inna ce ke zaɓen iri. Ana karyar masara ta ware masu ƙiba, ta ɗaure su da ɓawonsu, ta rataye a saman murhu, hayaƙi ya hana ƙwari. Shekarar da ta rasu ba wanda ya zaɓa. Na tuna, amma na ce gobe. Daga baya na ɗaure wasu ba tare da zaɓe ba na rataye, sai dai na daina hura wuta a ɗakin girkinta, don ba na son shiga, a kurfotin gawayi nake dafa mana a waje. Kafin bazara ƙwari sun mayar da su gari. Shi ya sa Baba ya je Bebeji ya sayo irin leda, wanda aka riga aka cuɗa da magani.

Na juya ledar. A bayanta an rubuta da Turanci cewa guba ce, kada mutum ko dabba su ci. Baba ba ya karanta boko. Ni ce mai karantawa a gidan, sati uku ina ɗaga ta da hannuna.

Abin da ya rage shi ne yadda masarar ta isa bakin kaji, don ledar a ɗaure take. Ban tambayi kowa ba. Da aka sake ruwa Baba ya tafi cike gurbin ƙarshe, na ajiye masa abinci, na yi sallama kamar zan fita, na koma ɗaki na saki labule.

Bai taɓa kwanon ba. Ya wuce kai tsaye bakin akurki ya tsuguna, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya kira kaji da baki, daidai yadda Inna ke kiran su. Ban san ya iya ba. 'Yan tsaki suka taho da gudu. Ya leƙa lungun da durgu take.

“Hajiya, ke ba kya gaisuwa ne? Fito mana. Sauran duk sun tafi, ke kuma kin shige ɗaki kamar 'yar gidan.”

Ya sa hannu a aljihun rigar gona.

Ban san lokacin da na fito ba. “Baba, kar ka zuba!”

Ya juyo a firgice, kunya ta kama shi kamar na same shi yana kuka. “Au, ba ki tafi ba?”

“A'a.”

“Ragowar iri ce. Uwarki ta ce haƙƙin kaji ne, in an ba su shuka ta fi albarka. Ita ke ba su. Yanzu kuwa...”

Ni da ba na iya riƙe magana ko ta minti ɗaya, na tsaya ina kallon tafin hannunsa. Ya yi ja har cikin zanen fata, da shi kuma zai ci tuwo. Na ce, “Mai kwanci ba a ba ta masara, nauyi take yi mata. Kawo in adana.” Na tara gefen zanena, ya juye a ciki. Na kawo sabulu na tsaya a kansa sai da ya wanke sau biyu. Ya dube ni. Na ɗebo dawa a rumbu na miƙa masa. Ya watsa wa 'yan tsaki, ya sa kaɗan a gaban durgu, ta tsattsaga daga inda take kwance.

Da yamma na haƙa rami mai zurfi a bayan gida na binne ragowar irin tare da ledar ciki, na ajiye ledar waje mai rubutun. Na wanke rigarsa ni kaɗai, na zubar da ruwan nesa da kwata. Gwaggo ta tambaye ni me na gani a cikin mushen. Na ce sai na fara gaya wa Baba. Ta ce, “Yau kuma ke ce da kara?”

Ƙaryar da na yi masa ba za ta kai baɗi ba. Zai sake sayen iri, zai sake sa hannu a aljihu, kuma ba lallai ina bayan labule ba. Saura kwana huɗu durgu ta ƙyanƙyashe ta fito tsakar gida. Na yanke cewa gobe in na kai masa abinci ba zan ja mayafi ba. Zan kawo nawa kwanon in zauna a gefen tabarmarsa, in shimfiɗa ledar a tsakaninmu in karanta masa da Hausa, ba zan tsallake komai ba. Amma da nawa laifin zan fara, irin da ban zaɓa ba da wutar da na daina hurawa. In ya gama ji, zan roƙe shi ranar karyar masara ya tafi da ni gona, ya nuna mini irin waɗanda Inna ke warewa.