Malam Iro, Mai Ɗaukar Shanu Ɗaya-Ɗaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina kara, wurin cinikin dabbobi, a Batsari ranar kasuwa, hannuna a bakin wani maraƙi ina duba haƙoransa, wayata ta yi ƙara. Sanusi ne, ƙanen Malam Iro Mai Hoto. Ya ce, "Likita, Yaya ya cika." Kwana tara ya yi yana jinya a Katsina. Na saki maraƙin na zauna a ƙasa, ban damu da abin da na zauna a kai ba.

Ni malamin dabbobi ne. Shekaru muka yi ni da Malam Iro muna hawa babur ɗaya, muna shiga rugage tsakanin Ruma da Tsaskiya, ni da allurar rigakafi, shi da kyamara a wuya. Ban yi niyyar rubuta komai a kansa ba sai da na je zaman makoki. Muna zaune a kan tabarma, wani daga bayana ya ce, "Allah ya jiƙan shi, amma dai duk rugar da ya shiga da abin nan nashi, sai an kwashe ta." Babu wanda ya tanka, har da ni, kuma ina jin kunyar shirun nan har yau. Kowa ya san abin da maganar take nufi: ana cewa shi ne ke kai wa ɓarayin daji rahoto. A ƙasar nan irin wannan magana tana kashe mutum, kuma Malam Iro ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu da za su ci gaba da bin titunan garin nan da sunansa.

To, bari in faɗi abin da kyamarar take, tunda ita ake tuhuma. Irin mai madubi a ciki ce, wadda ake sauya wa gilashi, amma ta can ƙasa, ta masu koyo, kuma ta hannu ya saye ta. Masu hoton biki na Katsina suna ce mata abin wasan yara. Jikinta roba ne. Gilashin da ta zo da shi ba ya janyo nesa, sai mutum ya taka da ƙafarsa. In rana ta yi sanyi, lokacin da shanu ke dawowa daga kiwo, sai gilashin ya yi ta kai da kawo yana kuka kamar sauro, ya kasa tsayawa a kan komai. Da tsakar rana kuma sai ta ƙone farar saniya, ta fito kamar zanen gado. Ga ƙara. Wata rana ta yi ƙwas a kunnen wani bijimi, ya bi Malam Iro sai da ya haye ɗan rumbun mutane, takalmi ɗaya a ƙasa. Na yi shekara ina yi masa tsiya. Yakan ce, "Likita, kowace na'ura tana da inda take gajiya. Mai ita ya kamata ya san wurin kafin ta kunyata shi." Shi ya sa muke fita da hantsi, kafin rana ta yi ƙarfi.

Abin da ya kai shi rugage ba ɓoyayye ba ne. In jami'an tsaro suka ƙwato shanun sata, sai a tara su wuri ɗaya a ce masu su su zo. Shanunmu kuwa farfaru ne kusan duka. Kowa sai ya rantse, kuma mai babbar murya da babbar riga shi ke tafiya da saniya. Malam Iro ya ga an yi wa wani tsoho haka a gabansa, tsohon yana kiran saniyarsa da suna tana waiwayowa, amma aka ce wannan ba hujja ba ce. Daga ranar ya rage zuwa ɗaukar hoton bukukuwa, ya koma ɗaukar shanu don masu su su samu hujja.

Da farko an kore shi. Makiyayi ba ya son a ƙirga masa dabbobi, balle a zamanin nan. Wani Arɗo ya ce masa, "Ka ɗauki garkena a takarda, gobe wa zai gani?" Sai Malam Iro ya fito da tsarin da bai taɓa karyawa ba. Ba ya ɗaukar garke. Saniya ɗaya yake ɗauka, a janye ta gefe, mai ita ya riƙe kunnenta da hannunsa. Ya matso har yana jin numfashinta. A nan ne kyamarar take nuna kanta: tsagar kunne, tabon ƙaho, ɗigon baƙi a ƙarƙashin ido, duk su fito tar, abin da ke bayan saniyar kuwa ya narke ya zama hazo. Ba ka ganin bukka, ba ka ganin dutse, ba ka sanin ko shanu biyu ne a wurin ko ɗari. Batirinta yana kwana uku ba caji. Ba ta hawa intanet, ba ta aika komai ko'ina. Yakan ɗaga ta ya ce wa mutane, "Wayoyinku suna da baki. Wannan bebiya ce."

Yakan wanke hotunan da kansa a shagonsa, ya mayar wa mai su hannu da hannu, sannan ya goge na cikin kyamarar a gaban idonsa. Na sha yi masa faɗa a kan ya riƙa ajiye kwafi. Ya ce, "Abin da ban ajiye ba, ko bindiga aka ɗora mani ba ni da shi." Wannan shi ne mutumin da ake cewa ya sayar da mutane. Ku gaya mini ruga ɗaya daga Ruma zuwa Tsaskiya da ɓarayi ba su taɓa ba, wadda ya shiga da wadda bai shiga ba.

Ana gobe addu'ar bakwai aka kawo wasu shanu da aka ƙwato, aka kira ni in duba lafiyarsu. Cikin masu jira akwai Inna Hajjo, wata tsohuwa daga wajen Ruma da aka kwashe wa shanu biyar da damina. Ta nuna wata ramammiyar saniya. Wani mutum ya riga ya rantse tasa ce. Inna Hajjo ba ta yi musu ba. Ta kwance bakin zanenta ta fito da leda, ta zaro hoto. Ga kunnen hagu mai tsaga biyu, ga hannunta a kansa da ƙaramin yatsanta da ya lanƙwashe. Jami'in tsaron da ke wurin ya dubi hoton, ya dubi kunnen, ya kama hannunta ya duba. Mutumin ya sulale. Hotuna biyar ne a ledar, saniya ɗaya ta samu.

Washegari muna tsakiyar addu'a sai ga ta da saniyar a igiya. Ba ta shiga wurin mata ba, ta tsaya a bakin tabarmin maza. Ta ce, "Na ji wai Iro ne ya saishe mu. Wanda ya faɗi ya tashi in gan shi." Babu wanda ya motsa. Ta juya ga Sanusi ta ce, "Yaro, nagge, saniyar nan, ta rame, ba ta da nonon da zan kawo maku. Amma in Allah ya sa ta haihu, ɗan na ɗiyan Iro ne. Kowa ya shaida." Ni na fara cewa na shaida, da ƙarfi, ina kallon bayana.

Allah ya jiƙan Malam Iro, ya haskaka kabarinsa, ya sa jinyar da ya yi ta zama kaffara. Allah ya ba mai ɗakinsa haƙuri, ya raya 'ya'yansa su ɗaga kai in an kira sunan ubansu. Allah ya dawo wa Inna Hajjo da sauran huɗun. Wanda ya yi masa ƙazafi kuwa, Allah ya shirye shi, amma gidan yana nan inda yake, ya je ya nemi gafarar marayun da bakinsa. Amin.