Fallen Da Iska Ta Ɗauke

Makon jiya bayan an ɗauke ruwa na shiga ɗakin karatu na makarantarmu, sai warin takarda mai laima ya tarbe ni tun daga ƙofa. Na tsaya riƙe da jakata har na manta littafin da na zo nema. Warin nan na san shi tun ina 'yar shekara goma sha ɗaya, a zauren kakanmu, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kankia da Kusada.

Kakanmu manomi ne. Malam muke ce masa, ko da yake ba shi da makaranta, ba ya limanci, kuma bai haddace Alƙur'ani ba. Ya dai yi sauka tun yana saurayi, daga nan ya riƙe abu guda bai sake ba: kowace safiya, bayan ya dawo daga masallaci gari ya yi haske, zai shimfiɗa buzu a ƙofar zaure ya karanta izu biyu. Ranar ɗaya ga wata yake farawa, ƙarshen wata ya sauke, sannan ya koma farko. Idan wata ya yi nuƙusani, ranar ƙarshe sai ya haɗa huɗu. Ko ranar shuka ce, ana ta sauri kada ƙasa ta bushe, shi sai ya gama. Kakarmu, wadda muke kira Iya, takan ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa kai masa koko kafin ta ji ya shafa ba.

Alƙur'aninsa rubutun hannu ne, na mahaifinsa. Idan ba ka taɓa ganin irinsa ba, to ba a ɗinke yake ba. Falle-falle ne, ɗaruruwa, a jere tsakanin fata biyu masu tauri, a ɗaure da tsirkiya, sannan a zura cikin gafaka, wato jakar fatar da ake rataye shi a ciki. Babu lambar shafi. Sai dai a ƙasan kowane falle, can a kusurwa, marubucin ya sa kalmar da falle na gaba zai fara da ita. Baƙaƙen manya ne, masu kauri, wasulan da jar tawada. A lokacin idon Malam ya fara hazo, rubutun nan kaɗai yake iya gani.

Ni kuwa yarinya ce marar magana. A makarantar boko ba na ɗaga hannu ko na san amsa, a makarantar allo kuma malaminmu sai ya sunkuyo kafin ya ji biyata. Abin da na iya shi ne rubutu mai tsabta. Littattafaina babu ɗigon tawada, babu gogewa, kowane layi da rula nake ja. Saboda haka Malam yake tsokanata da Malama.

Daminar shekarar ɗakin soronsa ya yi yoyo daidai inda gafakar take rataye. Ranar uku ga wata, da ya gama karatu, ya ga laima ta shiga gefen takardun. Sai ya shimfiɗa tabarmi uku a inuwar zaure, ya baje takardun kashi-kashi, ya danne kowane kashi da ɗan dutse. Yana cikin haka aka aiko an yi rasuwa a Tafashiya. Ya dube ni ina zaune a gefe da littafina.

"Malama, ga amana nan. Ki kore mani awaki. In kin ga hadari, ki kira Iya."

Na ce to. Na kuma kori awakin, wannan kam na yi. Amma littafin da ke hannuna na aro ne, washegari zan mayar, na sunkuyar da kai ban ƙara ɗagowa ba. Hadari ya haɗo daga gabas ban gani ba. Abin da na fara ji shi ne ƙarar takardu kamar tashin tsuntsaye daga gona. Iskar ta shigo ta ƙofar zaure ta fita ta ɗaya ƙofar, duwatsun ba su hana komai ba.

Ban yi ihu ba. Har yau idan na tuna sai na ji kunyar wannan: tsayawa na yi baki buɗe. Iya ce ta hango daga madafa ta saki salati, gidan gaba ɗaya ya fito. Takardu a kan danga, a kan rumbu, a cikin turken awaki, wasu sun tsallaka cikin kunyoyin gyaɗar da ke bayan gida. Iya tana gudu irin nata na tsufa tana faɗa wa mutane:

"Wanda bai da alwala shi sa gefen riga! Kada wanda ya taka! Ke, ɗaga ƙafarki!"

Haka mata suka riƙa tsince su da bakin zane, maza da hula. Maƙwabta ma sun shigo. Ana kai na ƙarshe cikin ɗaki ruwa ya sauko. Aka tara su cikin babban faifai da ƙwarya biyu, a cakuɗe, farko ya shiga ƙarshe.

Da Malam ya dawo da la'asar, ya tsaya a kan faifan ya daɗe. Ni ina bayan Iya ina jiran faɗa. Bai yi ba. Cewa ya yi, "Je ki yi alwala. Na gobe za mu fara nema."

Kwana biyar muka yi muna jera su. Ina dawowa daga makaranta sai mu zauna. Shi zai ɗaga falle kusa da idonsa ya faɗi kalmar da ke kusurwa, ni in bi tarin ina neman wanda ya fara da ita. Wani lokaci falle uku ko huɗu su fara da kalma ɗaya, sai na karanta masa layin farko na kowanne a hankali, shi ya ce wannan ne. Kullum mukan tabbatar izu biyun washegari sun haɗu kafin mu taɓa sauran, don haka ko rana ɗaya karatunsa bai tsaya ba. Yatsuna suka ɗauki warin takardun, ko na wanke ba ya fita.

Ranar takwas ga wata faifan ya ƙare, sai ga falle guda a cikin izu na ashirin da huɗu yana kiran kalmar da babu mai amsa ta. Muka sake bi daga farko. Aka koma gonar gyaɗa kunya-kunya, aka leƙa rijiya, aka hau rufin soro. Babu. Karatun Malam kuwa zai iso wurin ranar sha biyu.

Baffana, ƙanen mahaifina, ya hau babur ya je Kankia ya dawo da sabon Alƙur'ani bugun inji, mai bango kore. Malam ya karɓa da hannu biyu, ya sa masa albarka, ya buɗe, ya matso da shi, ya nisanta.

"Ka kyauta. Amma ni layi kawai nika gani."

"To Baba, falle guda ne fa. Shekara nawa kana bi ta wurin? Ka ja shi da ka mana."

"In na ja da ka na bar kalma, wa zai gaya mani? Kai?"

Baffa ya yi dariya ya sosa ƙeya. Daga nan aka aika wa wani alaramma abokin Malam a Kusada, wanda yake rubuta Alƙur'ani, ko zai rubuta fallen. Ya aiko da cewa ana tsakiyar maimai, hannunsa ya yi kanta da fartanya, ba zai ɗora alƙalami a kan takarda ba sai kaka.  Na lura ranar Malam bai gama tuwonsa ba, da safe kuma da ya shafa sai ya zauna yana lissafi da yatsu.

Ban iya tunkararsa ba, sai na bi ta wurin Iya. Tana tankaɗe na tsuguna kusa da ita na ce, ƙasa-ƙasa, ko za a bar ni in rubuta. Ta ajiye rariya ta dube ni.

"Ke da bakinki? Ashe kina da shi."

Ita ta kai maganar. Malam ya ce in alaramma ya yarda ya duba, shi ba shi da ta cewa.

Baffa ya goya ni zuwa Kusada, riƙe da fallen da ke gaban wanda ya ɓace da na bayansa, a naɗe cikin ɗankwali mai tsabta. Alaramma ya sa na yi rubutu a allo ya gani. Sannan ya buɗe wani Alƙur'ani nasa mai irin karatun Malam, ya nuna mini inda zan fara da inda zan tsaya, ya ara mini shi. Ya ba ni takarda huɗu masu kauri, da tawada baƙa da ja, ya fiƙe mini alƙalamin kara.

Kwana uku na yi a kai. Kafin in zauna sai na yi alwala. Na ja layuka da rula da fensir kamar yadda na saba. Takarda ta farko tawada ta ɗiga, ta biyu na tsallake kalma, sai a ta uku na kai ƙarshe. Na bi ta harafi-harafi sau bakwai. Abin da ya ƙara faranta mini rai shi ne, abin da marubucin farko ya cika gaba da baya da shi, ni na gama shi a fuska ɗaya har da saura. Na ɗauka wannan gwaninta ce. Ranar sha ɗaya da yamma muka koma Kusada, alaramma ya bi da tsinke a hankali, ya ce babu kure ko ɗaya. Kure aka ce ya duba, shi ya duba.

Ranar sha biyu ban jira an tashe ni ba. Na laɓe a bayan ƙofar zaure ina jin muryar Malam, yana ajiye falle yana ɗaukar wani. Na san daidai inda nawa yake. Da ya iso, sai murya ta tsaya. Na leƙa. Ya kai takardar har kusa da hancinsa, ya miƙa hannu da ita, ya juya ta wajen hasken rana.

"Malama, fito, na ga ƙafarki. Wanga rubutu ne, ko tururuwa ta bi ta kai?"

Sai a lokacin na gane. Na yi wa malamin makaranta rubutu, na manta idon da zai karanta. Hawaye suka zubo mini. Na ce akwai sauran takarda guda, zan sake, manya-manya, kafin azahar.

"Karatun safe ba ya jiran azahar. Kina da alwala?"

Na gyaɗa kai.

"To zauna. Ke kika rubuta, ke za ki karanta mani. Ki ɗaga murya, kunnen ma ba sabo ba ne."

Na zauna a gefen buzun, na karɓi takardar. Na fara, ya ce bai ji ba. Na sake, ya ce har yanzu da sauro yake magana. A karo na uku na ji wata murya ta fito wadda ni kaina ban san ina da ita ba, har Iya ta daina daka. Yana bina da leɓɓansa. Wuri ɗaya na gajarta inda ake ja, ya ɗaga yatsa, na koma na gyara. Da na kai kalmar ƙarshe, ya miƙa hannu ya ɗauki falle na gaba ya ci gaba, kamar ba a taɓa tsayawa ba.

Da kaka alaramma ya aiko cewa hannunsa ya huta, a kawo ya rubuta. Malam ya ce a yi masa godiya, an riga an cike gurbin. Duk ranar sha biyu ga wata sai ya ƙwala mini kira. Bayan shekara guda hazon ya ƙaru, ya fara miƙo mini fallayen da ruwa ya taɓa, waɗanda tawadarsu ta baje. Daga baya ya zama shi izu ɗaya, ni ɗaya. Shekara biyun ƙarshe na rayuwarsa ni nake karanta duka, yana jingine da bango ido rufe, yatsan nan a shirye. Sau da yawa na makara zuwa makaranta, na sha bulala a bakin ƙofa, ban taɓa faɗin dalili ba. Ranar da ya rasu, Allah ya jiƙansa, mun yi na safiyar.

Yanzu Alƙur'anin yana cikin akwatin Baffa, an naɗe shi da farin yadi, ana fito da shi a nuna wa baƙi. A gidan babu mai karatu da shi, kowa yana da nasa a waya. Ni ma a wayar nake yi a ɗakin kwananmu na ɗalibai, kuma ba zan ce kullum ina kai izu biyu ba. Lokacin jarrabawa wata rana rabin izu ne. Amma ban yarda rana ta fito ta faɗi ban buɗe ba, kuma ba na iya yi a zuci. 'Yan ɗakinmu, waɗanda ba sa jin maganata wuni guda, har tambayata suke wa nake karanta wa da ƙarfi haka.

A wayar, idan rubutu ya yi ƙanana, yatsa biyu kawai za ka sa ka buɗa shi ya zama manya. Nakan yi tunanin da Malam ya samu wannan, da ya huta, da bai nemi kowa ba. Ya rasa falle guda, sai ya zaunar da ni a gurbinsa, har yau ban tashi ba.