Igiyar Kawu

Mutanen da muke cin tuwo tare a unguwar Sanyuanli ta birnin Guangzhou suna zaton wasa muke yi, ni da ɗan kawuna. Ya shigo yana ƙamshin turare ya ce, "Ina bawan nan nawa?" Ni kuma in ce, "Ga ni nan, shashashan gidan Kawu." Kowa ya fashe da dariya, a ce taubasai ke nan, ba sa girma. To, su yi ta dariyarsu. Ni dai tun shekarar injin nan, duk zagin da na yi masa daga cikin zuciyata yake fitowa.

Kawu wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni a Yawuri bayan rasuwar mahaifina. Yana da jirgin katako da yake haye kogin Kwara da shi, ya kai mutane da kayansu kasuwa ya dawo da su. Ba inji a jikinsa. Gora ce doguwa a tsakiya, da buhunan shinkafa da aka farke aka ɗinke su wuri guda, in iska ta taso a ɗaga su ta tura jirgin. In ta ɗauke, sai sanda da ƙarfin kafaɗa. A cikin jirgin nan na koyi kwarfar ruwa da ƙwarya, a cikinsa na sha duka, da abin da ya samo aka saya mini litattafan makaranta. Ɗan kawun nawa kuwa, wanda yanzu ake ce wa Alhaji, tun muna yara ba ya son shigarsa, wai ƙarni yake yi.

Da zamani ya juya, samari suka cika bakin ruwa da jirage masu injin rataye a baya, fasinja suka koma can. Wa zai zauna jiran iska alhali kifinsa yana lalacewa? Kafaɗar Kawu kuma ta fara gajiya. Bai yarda da injin rataye ba. Ya ce yana shan fetur kamar rijiya, ɓarayi suna kwance shi su tafi, kuma shi ba zai iya saɓa ƙarfe a kafaɗa kullum ya kai gida ba. Abin da yake so ɗan ƙaramin injin gas ne mai araha, wanda zai zauna a cikin cikin jirgin, ƙarƙashin bencin baya, a tayar da shi kawai in iska ta yi masa rowa. Sai dai wannan aikin sau ɗaya ake yin sa. Dole a huda bayan jirgin a zura sandar da ke juya farfela, a kafa injin a kan haƙarƙarin katakon. In an yi daidai, Kawu ya ci gaba da sana'arsa. In an kuskure, an kashe jirgi ke nan.

Kawu ba ya awo da tef. Yadda ake karya kara daidai ƙafar yaro a kai wa mai takalma gabanin salla, haka ya yi. Ya shiga jirgin da igiyar rama, ya auna gurbin, ya ƙulla tsawo, ya ƙulla faɗi, ya ƙulla zurfi. Sannan ya ba matarsa ya ce ta ba "wancan" ya kawo mini, tunda yana shirin tahowa Guangzhou sarin wayoyi. Wancan ɗin shi ne ɗan farinsa. Kawu mutumin da ne, ba ya faɗin sunansa, ba ya zama hira da shi, saƙo ma sai ta bakin wani. Ɗan ya ce shi zai biya kuɗin injin. Ni nawa shi ne zaɓe, saboda na daɗe a garin ina sarin takalma, kuma na san jirgin ciki da bai.

Ran da Alhaji ya sauka, sai ga shi a ɗakina da rana tsaka, zufa ta jiƙa masa shadda, yana jan wata ƙatuwar jakar buhu cike da kilishi da daddawa. Muka gaisa, na ce ina saƙon Kawu. Ya nuna jakar da ƙafa.

Na duba. Igiyar Kawu ce ya ɗaure bakin jakar da ita, ya zagaya ya sake zagayawa yadda muke yi wa kayan da zif ɗinsu ya mutu. Na durƙusa na kwance ta. Ba ƙulli ko ɗaya.

Na ce, "Ina ƙullin?"

Ya ce, "Na warware su, ba ta kai ba sai da na warware. Igiya ce fa, ɗan mace, ba alƙawarin aure ba."

Na ce, "Kai wane irin dabba ne? Awon jirgin ubanka ne ka ɗaure daddawa da shi!"

Ya yi dariya ya ce in daina haushi, inji ai inji ne, masu sayarwa sun fi tsoho sanin abin da ya dace. Ka ji mini mutum! Na so in kwaɗa masa mari, na tuna a ƙasar mutane muke.

Allah ya taimake ni, igiyar rama ba ta manta inda aka matse ta. Na shimfiɗa ta a bakin taga, na bi ta da yatsa. Duk inda Kawu ya ƙulla ta lanƙwashe, har da baƙin dauɗar hannunsa. Na mayar da kowane ƙulli gurbinsa, na nuna masa. Ko kallo ban ishe shi ba, yana latsa waya.

Washegari muka shiga jirgin ƙasa, daga nan muka ɗauki tasi zuwa wata kasuwar injuna da ke bayan gari, inda ƙasa take baƙa ƙirin da mai. Mun sha "meyo" kamar me. Ka nuna hoton jirgin ruwa, a kaɗa maka hannu a ce meyo, babu. Wasu suna da injin amma ba giyar gaba da baya, wasu na janareto ne aka yi wa fenti. Shi kuwa yana biye da ni yana ƙorafi, takalminsa ya ɓaci, yana da masu jiransa a can cikin gari, a Tianhe.

Can a wani lungu muka sami shagon wata mata mai gajeren gashi. Na yi magana a wayata ta juya mata zuwa yarensu. Ta kai mu ciki ta yaye leda a kan wani ɗan inji mai fistin ɗaya, kore, da giyarsa a haɗe. Da hannu ake murɗa shi ya tashi, ba ruwanka da batir. Ruwan kogi yake zuƙa ya huce. Kayan gyaransa kuwa, duk bakaniken da ke gyara injin ban-ruwa a Yawuri zai gane su. Na fito da igiya na ɗora. Tsawo ya zauna. Faɗi ya zauna har da sauran wurin da hannu zai shiga. Zurfi ya zauna. Matar ta buga farashi a na'urar lissafi ta miƙo mini, na ga ko ciniki ba a yi ba abin bai fi ƙarfinmu ba. Raina ya yi fari tas. Har na hango Kawu zaune a bencin baya, ƙafarsa a kan murfin.

Na juya in yi wa ɗan'uwana albishir, ba ya nan. Yana can ƙarshen shagon, ya tsaya gaban wani jibgegen inji mai fistin huɗu, ja wur, fenti yana ƙyalli. Ya sa hannu a aljihu yana gyaɗa kai.

Ya ce, "Wannan ne."

Na ce, "Wannan ne me?"

"Wanda za mu saya. Ni da nake cika kwantena, a ce ubana yana yawo a Kwara da injin markaɗe? Yaran bakin ruwa su yi mini dariya? In ya tayar da wannan, har tsallake sai an san jirgin uban Alhaji ne."

Na kai igiyar na ɗora a kan jan injin a gaban idonsa. Ƙullin tsawo ko rabinsa bai wuce ba sosai. Na ce ya duba da kyau. Na ce nauyin wannan zai danne bayan jirgin, jijjigarsa za ta buɗe haɗin katako, kuma na tabbata tsohon injin mota ne aka wanke aka fesa, don ga tsatsa nan a ƙarƙashin kusoshi. Ya ce kafinta zai faɗaɗa gurbi. Na ce faɗaɗa gurbi yanke haƙarƙarin jirgi ne. Ya ce wa ya san ma ko daidai na mayar da ƙullin, ai ni na ƙulla abina. Shi da ya warware, shi ne yake tuhumata!

Matar nan kuwa, da ta ga inda kuɗi yake, nan take ta mayar da leda kan ɗan koren. Ta jawo masa kujera, ta zuba masa shayi a ɗan kofi, sai "lawban, lawban" take yi masa, wato maigida. Ni da na kawo cinikin na zama kamar almajiri a shagon. Ban ga laifinta sosai ba, kasuwa take ci, amma na tsane ta a ranar.

Na ja shi waje. Na sassauta murya, na ce ya dubi Allah, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, tsohon nan ya aiko da abin da yake so. Na ce in girma yake nema, ya sayi ƙaramin, ya haɗa wa Kawu da sabon tamfol da babbar riga, kowa zai gani. Na ce in ma ba ya so, ya janye, ni zan saya da kuɗina.

Sai ya sha mur. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Wai tsaya. Ubana ne ko ubanka? Don an riƙe ka a gidanmu an ba ka tuwo, shi ne za ka shiga gabana a kan jirgin da ni zan gada?"

Ba da muryar wasa ya faɗa ba. Na tsaya a bakin shagon, babura suna wucewa, shi kuma ya koma ciki wajen jan injinsa. Maganar ta yi mini ciwo har cikin ƙashi, kuma har yau tana yi.

Da yamma na kira Kawu. Da ƙyar layin ya shiga. Muka gaisa, na ce, "Kawu, akwai magana a kan injin nan. Ɗanka ya..." Sai ya tare ni, ya ce ya jikin 'ya'yana, ya ce an ce ana ruwa da yawa a wajenmu. Na sake gwadawa, ya sake kaucewa. Na san halin. Ba zai saurari zancen ɗan fari ba, yabo ne ko ƙara. Abin da ya iya cewa kawai, "Ai igiya tana hannunku." Ni kuma tarbiyyar da ya ba ni ba ta bar ni in tsaga masa kunyarsa da ƙarfi ba.

Aka saka jan injin a akwatin katako, aka cusa shi cikin kwantenar wayoyin Alhaji a tashar jiragen ruwa ta Nansha. Ban raka ba.

Sauran labarin matar Kawu ce ta riƙa ba ni a waya. Da akwatin ya isa Yawuri, unguwa ta taru, aka yi ta sa wa Alhaji albarka. Kawu ya zagaya injin yana dubawa. Kyautar ɗan fari ce a gaban jama'a, ta ina zai mayar? Kafinta ya zo ya cire bencin baya, ya yanke haƙarƙari biyu, ya huda jirgin. Da aka tayar, ƙarar ta kai tsallake kamar yadda mai girma ya yi fata. Bayan jirgin ya nutse har ruwa yana lasar baki, gaba ya ɗaga sama. Mata masu kaya suka ga haka suka ƙi shiga. Kafin ruwan shekarar ya janye haɗin katako ya buɗe, ana toshe nan can yana zuba. Aka jawo jirgin tudu aka kifa shi a ƙarƙashin wata bishiya, awaki suna hawa. Injin kuwa an ciro shi, Alhaji ya kafa wa matarsa a ƙofar gida. Markaɗe yake yi yanzu, an ce yana da ciniki.

Kawu ya daina zuwa bakin ruwa. Wanda ya yi rayuwarsa duka a kan Kwara, yanzu yana zaune a zaure yana gyara wa mutane komar kamun kifi.

Da ƙaramar salla na kira shi gaisuwa. Muka daɗe muna zancen damina da tsadar hatsi. Har zan yi sallama, sai na ji ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Yaro, in tambaye ka mana. Igiyar nan da na aiko, ba ta iso ba ne?"

Tana rataye a ƙusa a bayan ƙofata, da ƙullinta duka, ina kallon ta.

Na ce, "Ta iso, Kawu."

Sai ya ce, "To. Allah ya yi maka albarka." Ya kashe wayar.

Bayan wata guda ne Alhaji ya dawo sari. Ya shigo gidan tuwo da sabuwar shadda, ya buɗe hannu ya ce ina bawansa. Na ce, "Ga ni nan, wanda ya kashe jirgin ubansa." Mutane suka yi ta dariya har da buga tebur. Shi ma ya yi, ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya sa hannu a kwanona.