Malam Yahuza da Layar da Ta Shiga Kwamfuta

Da hantsi Malam Yahuza yake buɗe shagonsa, can bayan tashar Birnin Kudu. Ya share ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa tsohon buhu a kan tebur, sannan ya zauna jiran marasa lafiya. Haka yake kiran kwamfutocin da ake kawo masa a bayan acaɓa, an ɗaure su da roba kamar akuyar da za a kai kasuwa. Shekara da shekaru ke nan, abin da wasu suka ce a zubar, shi cewa yake a ajiye nan tukuna. Yana da wata ɗabi'a da ya gada wurin mahaifinsa tela: duk ƙaramin abu mai daraja sai ya naɗe shi a takarda, ya nannaɗe da baƙin zare tam. Ku riƙe wannan, don ita ta kusa ja masa.

Yanzu idonsa ya yi rauni, ƙarshen watan nan zai rufe shago. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ya yi a Gwaram tun yana ji da kunnensa.

A Gwaram akwai Malama Ummussalma, mai koyar da 'yan mata a zauren gidansu. Ɗalibanta za su rubuta jarrabawar shiga jami'a, kuma a kwamfuta ake yin ta, ga shi yawancinsu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Tana da tsohuwa guda ɗaya, irin ta kan tebur. Da an buɗe manhajar gwajin jarrabawa sai ta sandare, fanka na gurnani, yarinya ta zauna tana kallon allo har lokacinta ya ƙare. Jarrabawa kuwa ta matso.

Malam Yahuza ya je ya buɗe cikinta, ya sa aka karanta masa lambar allon da ke ciki, ya ce ba mutuwa ta yi ba, ƙwaƙwalwarta ce ta yi ƙanƙanta. Furosesa ake ce mata, wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu da bai kai akwatin ashana ba. Sai da ya yi ta kiran waya kafin a samo masa a Kano wadda za ta dace da tsohon gurbin, ita ma guda ɗaya tak. Ranar da ta iso yana da ganin likitan ido, don haka ya naɗe ta yadda ya saba, ya ba direba Badaru ya kai gidan Malama, shi zai biyo baya.

Da ya isa Gwaram ya zazzage kayan aiki ya ce, “Malama, kawo saƙon.”

“Wane saƙo, Baba?”

Tirƙashi! Aka kira Badaru a waya, ya rantse ya maya cewa ya kai har ƙofar gida. Aka ɗaga tabarma, aka zazzage kwandon littattafai, aka leƙa ƙarƙashin benci. Malam Yahuza ya laluba aljihunsa sau ba adadi, har ya fara zargin kansa. Ko dai tsufan ne ya wuce ido ya shiga kai? Ko batirin agogo ya naɗe ya aiko? Gumi ya keto masa. 'Yan matan sun jeru a bakin zaure suna kallo.

Ana cikin haka Inna Kulu, surukar Malama, ta fito da jikanta Musaddiq a kafaɗa, tana tambayar me ya ɓace ake wannan hayaniya. Malama ta ce ɗan ƙunshi ne, a takarda, da baƙin zare.

“Au, layar? Ai ga ta nan a wuyan yaro.”

Ashe yaron ya yi fama da zazzaɓi, Inna ta aika Wurno wurin wani malami a rubuto masa laya, tana ta jiran direba ya kawo. Da aka miƙo mata ƙunshi mai zare, me za ta tambaya? Ta kai wa baduku, ya ɗinke shi da jar fata, ya sa igiya.

“Inna,” in ji Malam Yahuza, “wannan ta kwamfuta ce.”

“Kwamfutar ma laya ake mata? Ikon Allah! To ta jira tata. Wannan tunda aka rataya masa jikinsa ya yi sanyi.”

“Inna, ai kin san allurar asibiti ya sha,” in ji Malama.

“Allura daban, wannan daban. Kuma laya ba a buɗe ta, kowa ya sani.”

Nan ne, Malam Yahuza, ka nuna ko kai wane ne. Kai ne wanda bai yi dariya ba, alhali har Badaru a waya sai da ya tuntsire. Ba ka fizge ba, ba ka yi wa tsohuwa wa'azi a gaban yara ba. Ka durƙusa a gefen tabarmarta, ka tambayi jikin yaro, ka yi masa addu'a. Sannan ka ce, “Inna, ni na naɗe shi da hannuna, laifin zarena ne. Wallahi babu aya ko ɗaya a ciki, ƙarfe ne. Ba zan taɓa ba sai da izininki. Amma yaran nan da kike gani, jarrabawarsu ce a wuyan jikanki.”

Inna ta dubi 'yan matan, ta dubi yaron, ta juya layar a tafin hannu. Can ta ce a miƙo mata reza, ita za ta farke da kanta. Da ɗan ƙarfen ya faɗo, gefe ɗaya duk ɗige-ɗigen ruwan zinariya, sai ta riƙe haɓa. “To wa ya warkar da yaron?” Malam ya ce Allah. Ta ce wannan kam ba gardama.

Saura sakawa, kuma a nan wata matsalar ta taso. Gurbin furosesa cike yake da 'yan siraran allurai, in ɗaya ta lanƙwashe aiki ya lalace. Malam Yahuza ya sunkuya, ya kanne ido, ya matso da fitila, bai ga komai ba sai hazo. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don aiki ne da a da yake yi yana hira. Ya miƙe ya ce, “Malama, zo ki ara mini ido da hannu.”

“Ni? Baba, in na ɓata fa?”

“Nemi ɗan alamar kibiya a kusurwa, ki daidaita da ta gurbin. Kada ki danna, ajiyewa za ki yi.”

Ta ajiye, ta rufe maƙallin. Ya sa ta ɗiga man nan mai launin toka da ke hana zafi, kamar ƙwayar dawa, ta mayar da fanka. Aka kunna. Malam ya kafa wa allon ido, haske kawai yake gani.

“Me ya nuna? Ku gaya mini mana!”

Wata ɗaliba mai suna Safiyatu ta sa hannu a linzami a karon farko, ta danna, ta karanta da ƙarfi: “Tambaya ta ɗaya.” Ta sake dannawa. “Baba, ta biyu ma ta fito!”

Mun gode, Malam Yahuza, mai jinyar abin da aka fid da rai. Allah ya saka, ya ƙara wa idonka haske. Masu tasowa a sana'a, ku koyi duba abu kafin ku ce ya mutu, ku koyi durƙusa wa tsofaffi ko da ku ne da gaskiya. Har yau Inna Kulu na gaya wa baƙi cewa maganin jikanta kwamfutar ta sha, shi ya sa take gudu. Sukundireban Malam kuwa yana Gwaram a hannun Malama Ummussalma. Ya aika mata da shi ta hannun Badaru, amma wannan karon bai naɗe shi da zare ba.