Ragon Suna a Bayan Akori-kurar Lantarki

Maigidana yana da wata al'ada da ya taso da ita tun daga Kaduna, kuma duk shekarun da muka yi a Barking ba su raba shi da ita ba. Da an idar da sallar isha'i zai zagaya gida yana kashe soket. Talabijin, butar shayi, injin wanki, har cajar wayata. Firij kaɗai ya tsira, shi ma sai da muka kai ruwa rana. Dalilinsa ɗaya ne: wata shekara can gida an ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, ta ƙone masa rediyo da fanka da talabijin lokaci guda. Na gaya masa ya fi a ƙirga, Alhaji nan fa London ce, tun zuwanmu sau nawa ka ga an ɗauke wuta? Sai ya ce, "Hajiya, wuta wuta ce ko a ina take." Har na gaji na zuba masa ido.

Sana'arsa gyaran gidaje ce, fenti da tayil da kwashe tarkace. Da tsohuwar motarsa ta dizal ta gaji, ga harajin da ake ɗora wa motoci masu hayaƙi a cikin gari, sai ya sayo akori-kura ta lantarki, ta hannu, fara sol. Lokacin zafi ya saye ta, kuma ba mu huta ba. Duk wanda ya zo gaishe mu sai an fita da shi an nuna masa. Ya kunna ta, ya ɗaga yatsa ya ce, "Saurara." Baƙo ya ce bai ji komai ba. Ya ce, "To shi ne!" Ya sa aka kafa mata soket ɗinta a bangon ƙofar gida, ya fasa 'yan furannina ya zuba siminti don ta samu wurin kwana. Gaskiya a watannin nan ba ta ba mu matsala ba. Ni kaina na fara sonta, don ba ta warin mai.

Tsakiyar hunturu 'yarmu ta fari, wadda ke aure a Thamesmead, can tsallaken kogi, ta haifi mace. Washegarin haihuwar, sai surukina ya zo gida, ya durƙusa kamar yadda aka koya masa, ya ce, "Mama, mun yi shawara, sunan mahaifiyarki za mu sa mata." Na ce Allah ya yi albarka, na tashi na shige kicin kamar zan duba tukunya, alhali ba abin da na ɗora.

Inna ta rasu ina nan ƙasar. A waya na ji, ina tsaye a tashar bas ta Aldwych na taso daga aikin sharar ofisoshi, ana yayyafi. Kafin in gama neman tikiti har an kai ta an dawo. Ba laifin kowa ba ne, haka ake yi, gawa ba ta jiran jirgi. Amma abin ya tsaya mini a ƙirji. Saboda haka da surukina ya fita sai na yi wa kaina alkawari: ranar da za a ambaci sunan Inna a cikin taro, yarinyar tana kan cinyata. Wannan karon ba a waya zan ji ba.

Limamin da zai raɗa sunan ma'aikacin asibiti ne. Ya ce zai leƙo kafin azahar, ya yi addu'a, ya koma aiki, ba zai iya zama ba. Rago kuwa, a nan ba a kayar da shi a ƙofar gida. Akwai wata gona can bayan gari, cikin ƙauyukan Essex, mai mayanka, inda Musulmi ke yanka. Alhaji ya yi booking, aka ware mana rago, ya ce da kansa zai je ya ga ragon da idonsa. Ni kuma na ce ƙafarsa ƙafata, domin a sunan wani ɗan ƙawata an tura shi ya dawo da nama tsaf a leda, ba kai, ba ƙafa, ba kayan ciki. Wai ya ji nauyin tambaya. Wane irin suna ne ba farfesun kayan ciki? Lissafinmu mai sauƙi ne: mu fita da sassafe, mu ɗauko, mu tsallaka kogi, mu isa da hantsi.

Satin nan aka yi sanyin da tsofaffin unguwa suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Ruwan da ke cikin bokitin da muka bari a waje ya daskare har ƙasa. Jajiberin suna da yamma na tsaya ta taga na ga Alhaji ya jona motar da idona, sannan hankalina ya kwanta.

Da asuba yana sallamewa ya fita ɗumama mota. Wannan ma tsohuwar al'ada ce. Duk motar da ya taɓa riƙewa sai ya tayar da ita ya bar ta tana ƙugi kafin ya sha shayi. Ya zare igiyar cajin, ya naɗe ta da kyau kamar ta guga, ya kunna hita har ƙarshe, ya dawo ya zauna ya sha shayinsa kofi biyu da burodi, yana sauraron labaran gida. Da na shiga motar sai na ji ɗumi kamar ɗakin mai jego. Har na yaba masa.

Na ce, "Ta cika?"

Ya ce, "Ta isa."

Ai da na sani da tun a nan na sauka.

A gaban direba akwai allo mai nuna mil nawa suka rage kafin batir ya ƙare. Ni ba direba ba ce, amma na iya karanta lamba. Muna hawa babban titi na ga lambar tana zubewa. Mu ci mil ɗaya, ita ta ci biyu. Na sake dubawa, ta sake faɗuwa.

"Alhaji, motar da ta kwana a caji ce wannan?"

Ya gyara hula. Ya ce sanyi ne, an ce batir ba ya son sanyi.

"Na ji. Ta kwana a caji?"

Ya ce, "Hajiya, ki duba fa. Igiya a waje, ƙanƙara tana zuba a kanta, ruwa da wuta. Wane mai hankali ne zai kwanta ya bar wannan a kunne?"

"Ka kashe soket ɗin motar?"

"Bayan isha'i kawai."

Innalillahi! Bayan isha'i kawai! A hunturun nan da isha'i ke shiga tun mutane ba su ci tuwon dare ba. Wato motar ta ɗan kurɓi wuta, aka cire mata nono, ta kwana a cikin ƙanƙara, da safe kuma aka sa ta hura ɗaki da ɗan abin da ya rage mata. Daga baya ne 'yata ta gaya mini cewa irin waɗannan motocin ana ɗumama su ne tun suna jone da soket, don hitar ta sha wutar gida maimakon batir. Ita ba inji gare ta ba balle ya yi zafi. Amma je ka gaya wa Alhaji, mutumin da ya fara tuƙi tun ba a haifi mai bayanin ba.

Na ce mu juya. Ya ce mun riga mun wuce rabi, kuma ba a suna ba rago. Da gaskiyarsa, wannan ne ya ƙara ba ni haushi.

Mun isa gonar. An yanka, an feɗe. Na tsaya a kan mahaucin, wani ɗan Pakistan mai haƙuri, har sai da ya wanke mini tumbi da hanji, ya ƙulle kai da ƙafafu a leda daban. Aka loda a baya. Na shiga mota ina murna, sai idona ya faɗa kan allon. Abin da ya rage bai kai nisan Thamesmead ba. Ko kusa bai kai ba.

Alhaji ya ce akwai dabara. Ya miƙa hannu ya kashe hita.

Wallahi ban taɓa jin sanyi irin na ranar ba. Na ci kwalliyar suna, leshi da sarƙa da takalmi buɗaɗɗe, don na ɗauka daga mota sai falo. Cikin ɗan lokaci yatsun ƙafata suka daina amsawa. Numfashinmu ya rufe gilashi, sai ga ni ina goge masa hanya da sabon mayafina, wanda na ajiye tun daga Kano don rana irin wannan. Shi kuwa ya lafe a bayan wata tirela yana tafiyar hawainiya, wai iska ba za ta tare mu ba. Motoci suna wuce mu suna danna oda. Ya ce, "Kin gani, lambar ta rage gudu." Na ce, "Alhaji, don girman Allah ka yi tuƙinka."

Gidan mai na farko da muka tsaya yana da wurin caji, amma layi har bakin titi, kowa sanyi ya cinye masa batir. Muka wuce. Ba mu yi nisa ba wani ɗan hoton kunkuru ya fito a allon, motar kuma ta ƙi gudu ko ya taka. Kunkuru! Wanda ya ƙera ta ma ya san abin da ya ƙera. Da salati da istigfari muka gangara cikin filin ajiye motoci na wani babban kanti, muka samu wurin caji guda ba kowa. Alhaji ya sauka ya jona, ya dawo yana murza hannu, ya ce yanzun nan, lokacin zafi kafin ya sha kofi ta cika.

Ba ta cika ba. Batirin ya yi sanyi, wuta sai ɗiga take kamar famfon da aka ɗauke wa ruwa. Mu zauna, mu zauna, lamba ta ƙaru da ɗaya.

Na ce ni na tafi, ya zauna da ragonsa da motarsa. Na nemi tasi ta waya, babu ko ɗaya a kusa. Na shiga kantin na tambayi wata ma'aikaciya tashar jirgin ƙasa, ta ce tana da nisa, kuma an soke jirgin safen saboda ƙanƙara. Na dawo ina takawa a hankali don kada in zame, takalmin biki ya jiƙe sharkaf. Cajin wayata ma ya yi ja, don ita ma an kashe mata soket. Na jona ta a jikin motar ina kallon Alhaji, ina jira ya ce za ta sha masa batir. Allah ya taimake shi bai ce ba.

Sai ga kiran 'yata. Da Turanci take magana kamar kullum, ni ina amsa mata da Hausa. Ta ce falo ya cika, liman ya iso tun ɗazu yana ta duba agogo, muna ina? Na gaya mata. Sai surukina ya karɓi wayar, ya ce, "Mama, ko mu roƙe shi ya dawo da yamma?" Na san ba zai iya ba. Na kuma san mutanen da suka baro aikinsu suka shigo bas cikin wannan sanyi, da uwar surukina da ta taso tun daga Zariya. Ba zan sa a ce dangin mai jego sun shanya mutane ba.

Da bakina na ce, "Ku yi. Ku bar wayar a kunne."

Kiran na bidiyo ne, amma hoton ya ƙi tsayawa, sai murya. Na ji an yi gyaran murya, falon ya yi tsit. Liman ya yi salati, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya faɗi sunan. Sunan Inna, cikakke, yadda ban ji wani ya furta shi ba tun rasuwarta. Wata ta rangaɗa guɗa har wayar ta yi ƙara. Ni kuwa ina zaune a filin kanti, ƙafafuna sun mutu, jiƙaƙƙen mayafi a cinyata, kekunan sayayya suna wucewa ta gabana. Na yi kuka sosai, kukan baƙin ciki da na haushi a haɗe.

Alhaji ya shafa fatiha. Ya ce a hankali, "Allah ya raya."

Na ce, "Kada ka yi mini magana."

Sai ya kunna hita, ya juya ta wajen ƙafafuna, duk da ya san za ta ƙara mana jira. Ban gode masa ba.

Sai bayan la'asar muka isa Thamesmead, rana har ta fara faɗuwa. Rabin mutane sun watse. Samari suka sauko suka kwashi naman, ɗaya ya ce kai, ya yi sanyi kamar daga firij aka fito da shi. Na ji Alhaji ya buɗe baki zai ce ai amfanin akori-kura ke nan. Na waiwaya na dube shi, ya haɗiye maganarsa.

Na hau bene ina jan ƙafa. 'Yata ta ɗauko yarinyar ta ɗora mini a cinya. Hannuwana sun yi sanyi da yawa, sai na cusa su a hammata na jira suka yi ɗumi kafin in taɓa ta. Tana barci, an sa mata kwalli, 'yar mitsitsiya da ita. Mutane sai kiran sunan suke, ni bakina ba zai iya ba, ban taɓa kiran sunan nan ba tun da aka haife ni. Na sunkuya daidai kunnenta.

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri. Na sake makara."