Ranar da Malam Ilu Ya Kasa Gane Layinmu

Yau shekara shida ke nan. Ƙarfe huɗu da rabi na yamma mijina Malam Ilu ya cika a ɗakinmu da ke Gyaɗi-Gyaɗi. Mu uku ne a kansa: ni, da ƙanensa Kabiru, da maƙwabciyarmu Maman Ladi, malamar firamare 'yar Kudancin Kaduna, wadda ta tare ni da na zube. Allah ya jiƙansa.

Zan faɗi abin bi da bi. Malam direban adaidaita sahu ne, yana ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Ni ma haka. Yana shan maganinsa, ya yi ƙiba, gwajin jininsa na yin kyau. Sai mantuwa ta kama shi. Abin da ya fara ɓace masa sunayen mutane ne. Daga nan sai lissafin raka'a a sallah. Sai ranar da ya ɗauko fasinja zuwa Darmanawa ya yi ta zagaye da ita a Daurawa, har ta sauka tana zaginsa. Ran nan Maman Ladi ce ta gan shi tsaye a bakin layinmu, injin a kunne, yana kallon gidaje, ya kasa gane layin.

Da ta rako shi gida ta ba mu labari, Kabiru ya kwashe da dariya. "Yaya, to ka koma kujerar baya mana, fasinja ya ja ka!"

"Ɗan nema," in ji Malam. "Ni na koya maka Kano."

Shi ma ya yi dariya.

A asibiti kuwa, duk zuwa likita zai tambaye shi, "Malam, yaya jiki?" Shi kuma ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Haka aka tarbiyyantar da mu, ba a amsa gaisuwa da ƙorafi. Dangi suka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da rubutu. A ƙarshe har shan maganin ma ya shiga mantawa. Idan na tambaya sai ya rantse ya sha, kuma shi har ransa ya sha. Cutar ta dawo, ƙirji ya kama, ya tafi.

Kwanakin baya na ji wani likita a rediyo yana cewa masu bincike sun lura da wasu sinadarai a jikin ƙwayoyin da ke tsaron jiki, waɗanda ke da alaƙa da raunin tunani ga masu irin cutarmu, ko da suna shan magani. Ya ce alaƙa aka gani, bai ce ga maganinta ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma na gane. Da Malam na nan da ya ce, "Maman Ummi, ashe ba iska ba ce, a jini take." Da ya ji sanyi, don ya mutu yana zaton hauka yake yi.

Ni ban ji sanyi ba. Shekaranjiya na tsaya a sallar azahar ban san raka'ar da nake ba. Wataƙila gajiya ce. Amma 'yarmu Ummi tana aji biyar, kuma ba ta da kowa sai ni. Na kira Maman Ladi, na ce ta raka ni asibiti, idan na ce da sauƙi ta ƙaryata ni a gaban likita.

"Ai kuwa zan tona ki," in ji ta.

Keken Malam yana hannun Kabiru, har yau yana ciyar da mu. Abin da ya rage mini na Malam ke nan, sai Ummi, sai wannan tsoro.

Mai karatu, idan kana da ɗan'uwa mai shan wannan magani, ka bi shi asibiti. Idan ya ce da sauƙi, kai ka buɗe baki ka faɗi abin da yake mantawa.