Malama Martha da Shanun Takarda

Kafin maigadi ya gama buɗe ƙofar makaranta za ka hango Malama Martha tafe ta bayan kasuwa, jaka a kafaɗa, ƙwarya a hannu. Tsakuwa ce cike da ƙwaryar, wadda ta tsinto a bakin rafi ta wanke tas. Da ta shiga aji shida sai ta juye ta a kan tebur ta ɗauki alli, kuma ba za ta zauna ba har a tashi. Akwai kujera a ajin, amma yara ke jibga jakunkunansu a kai. Ni Jamilatu shaida ce, don ajin da nake koyar da Hausa manne yake da nata a firamarenmu da ke Magajin Gari, nan Birnin Gwari, ga shi bangon da ke tsakaninmu bai kai rufi ba. Duk abin da ta faɗa a kunnena yake sauka, har ina jin da za a ba ni jarrabawar da na ci.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma tun da na ji hankalina ya ƙi kwanciya. Ban ji mai zancen walima ba, ban ji an ambaci wanda zai karɓi ajinta ba, kowa ya yi gum kamar ba a san abin da za a rasa ba. Abin ya ba ni haushi, shi ya sa na ɗauki biro.

Aikinta shi ne shirya 'yan aji shida don jarrabawar shiga sakandare, musamman lissafin nan mai zuwa cikin labari. Yaranmu sun iya tarawa da ɗebewa, amma da zarar an naɗe lambobi cikin labari, da Turanci kuma, sai ka ga ido ya raina fata. Ita kan karanta tambayar, ta juya ta da Hausa, in ta ga 'ya'yan Gbagyi sun yi zuru ta sake juya ta da yarensu. Sannan ta buga tebur ta ce, "Me aka ba mu? Me ake nema?" Sai kowa ya ɗebi tsakuwa ya jera labarin a ƙasa kafin a taɓa fensir.

Shekarar da mutanen Kutemeshi da Tabanni suka kwararo cikin gari saboda tashin hankalin daji, ajinta ya cika har kan taga. Wata safiya na ji ta karanta musu: mota tana cin kilomita sittin a awa ɗaya, tafiyar kilomita ɗari da ashirin ce, awa nawa za ta yi? Can wata yarinya mai suna Rachel ta ce, "Malama, ranar da ake da rakiyar sojoji ne ko ranar da babu? Don in babu, sai an kwana a tasha."

Na tuntsire da dariya a ajina, sai kuma na katse ta da na tuna halin da hanyarmu take ciki. Malama Martha ba ta daka mata tsawa ba. Ta ce, "Gaskiya kika faɗa, 'yata. Amma wannan hanyar takarda ce. Babu rami, babu daji, babu kowa a kanta. Ku jera tsakuwarku." Suka jera, amsa ta fito awa biyu, suna ta kallon juna kamar an yi musu tatsuniya.

A cikin baƙin yaran nan akwai Kadijatu, 'yar wani makiyayi Malam Yero. An kore masa mafi yawan garkensa a daji, ya dawo gefen gari da 'yan kaɗan da suka rage, yana jiran a gama girbi ya yi kudu da su. Ya riga ya faɗa wa hedimasta: in yarinyar ta ci jarrabawa ta samu makarantar kwana zai bar ta, in ba ta ci ba ta bi su, kuma inda za su babu makaranta. Kadijatu ta fi kowa saurin lamba. Amma duk gwajin da aka yi, tambayar da ta ambaci shanu ko tumaki sai ta tsallake ta, ta bar wurin fari fat. Masu tsara jarrabawar nan kuwa ba sa rabo da dabbobi.

Malama Martha ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta sake lallashi, yarinya sai ta sunkuyar da kai kawai. Jarrabawa na matsowa, ita kuma tana ta kai da komo a baranda tana magana ita kaɗai. Wata Asabar ta ce za ta rugar Malam Yero. Muka yi ta ba ta baki, don lokacin ko itace ba a zuwa nema ta wannan gefen. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tare ɗan acaɓa. Da na ga da gaske take, na haye bayanta ina karanto duk addu'ar da na sani.

Malam Yero ya shimfiɗa mana tabarma aka kawo nono. Da ta gaya masa abin da ke tafe da mu, ya yi murmushi ya ce, "Malama, mu ba mu ƙirga shanu. Kowace da sunanta, da ido muke sanin wadda ba ta dawo ba. Tsofaffinmu sun ce in ka ƙirga, raguwa suke yi."

Sai Kadijatu, da ke tsugune a bakin bukka, ta fashe da kuka. Da ƙyar maganar ta fito. "Bappa, ni na ƙirga su. Da aka koya mana ƙirge a makarantar ƙauye, na tsaya a bakin garke na ƙirga su duka da ƙarfi, don in ga ko na iya. A satin aka zo aka kore su."

Uban bai taɓa jin wannan ba sai ranar. Ya jawo ta jikinsa ya ce, "Kadijatu, ba ke ba ce. Mutane ne suka zo da bindiga, kuma Allah Ya riga Ya ƙaddara." Ni dai hawaye nake yi ba kunya.

Ke kuwa, Malama Martha, ba ki ce musu al'adarsu shirme ce ba, ko da wasa. Kika bari kuka ya lafa, kika juye tsakuwarki a kan tabarma, kika ce, "Malam Yero, duwatsu fa, ana ƙirga su?" Ya ce wa ya damu da dutse. Kika buɗe takardar gwaji kika nuna masa, kika ce, "To shanun nan na cikin takarda, an ce arba'in ne, an sayar da kashi ɗaya cikin huɗu. Ba a faɗi sunan ko ɗaya ba. Na wa ne?" Ya dubi takardar da ba ya iya karantawa, ya dubi 'yarsa, ya ce, "Saniyar da ba ta da suna ba ta kowa ba ce. Ƙirga abinki." Kadijatu ta jera tsakuwa arba'in, ta raba gida huɗu, ta ture kashi ɗaya gefe, ta ce saura talatin.

Ranar jarrabawa Malama Martha ta kasa tsayawa wuri ɗaya, ta zagaye bishiyar mangwaron da ke gaban cibiyar jarrabawar har na ce mata za ta tona mata rami. Kadijatu na fitowa ta tare ta. "Akwai shanu?" Yarinyar ta ce, "Har da awaki, Malama. Duk na mai da su duwatsu."

Ta ci. Malam Yero ya cika alkawari, ya yi kudu da garkensa ya bar ta a hannun Malama Martha har lokacin tafiya makaranta ya yi. Lokacin hanya ta ɗan lafa, ana bi ba sai da rakiya ba, amma ranar da aka sa Kadijatu a motar Kaduna babu wanda ya iya cin abinci a cikinmu. Muna ofishin malamai, Malama na tsaye a bakin taga, wayarta ta yi ƙara. Kadijatu ce, ta ari wayar direba, muryarta har inda nake zaune: "Malama, mun iso! Awa biyu muka yi, daidai da na takarda!" Ranar ce kaɗai na ga Malama Martha ta jawo kujera ta zauna a makaranta.

Mun gode, uwar aji shida, mai ƙwaryar tsakuwa. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki hutu mai daɗi, ko da yake na san ba ki iya hutu ba. Ku kuma malamai 'yan'uwana, in yaro ya bar tambaya fari fat, kafin ku ja jan biro ku bi shi gida ku ji dalili. Bana ma ajin cike yake da baƙin yara, jarrabawa kuma ba ta jiran kowa. Malama Martha ta ce mini ba za ta tafi da ƙwaryar ba, a kan tebur za ta bar ta. Wa zai ɗauka?